Daga filin jirgin Maradi zuwa doron Bagazam: yadda matuƙin helikwafta ke samun cancantar sauka a kan duwatsu

Daga Tibiri har Madarunfa babu wani tsauni da zai tare wa mutum ido. Filin jirgin Maradi kansa bai wuce ƙafa 1,240 daga fuskar teku ba. Shi ya sa matashin da ya taso a nan, yana sha'awar tuƙa jirgi mai saukar ungulu, yakan ɗauka cewa saukar dutse lamarin mutanen Turai ne da ƙanƙararsu. To amma aikin helikwafta a ƙasar nan yawancinsa arewa yake nufa: duwatsun Ayar, tudun Jado, ɗauko maras lafiya daga ƙauyen da mota ba ta kaiwa sai da wahala, kai masu binciken ma'adinai, aikin soja. Ƙololuwar Idukal-n-Tagas da ke Bagazam ta kai mita 2,022, ita ce mafi tsayi a Nijar, Girebun kuma mita 1,944. Kusa da mu a Najeriya akwai tudun Jos da na Mambila. Kuma kamar yadda lissafi zai nuna a ƙasa, da zafin watan Afrilu injin jirgi yana jin Maradi ma kamar tsauni.

Takardun da ke gaba da komai

Kada ka biya ko dala a makaranta sai ka je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi. Mai son tuƙi a matsayin sana'a yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya: ana duba ido da bambance launi, kunne, bugun zuciya, hawan jini, sukari da jini. Mai cutar sikila ba ya samunta. Takardar tana aiki wata 12, idan kuma ka haura shekara 40 kana ɗaukar fasinja kai kaɗai a gaba, sai ta koma wata 6. Mutane da dama sun sayar da fili ko gona sun tafi karatu, daga baya aka gano ba sa bambance ja da kore.

Sai lasisi. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, wadda muka fi sani da OACI, ta ce lasisin tuƙin kai yana bukatar shekara 17 da awa 40 na tashi, lasisin sana'a kuma shekara 18 da awa 150, ko 100 idan kwas ne da hukuma ta amince da shi daga farko har ƙarshe. A Turai sun ɗaga: awa 45 ga na farko, 135 ga kwas ɗin sana'a na haɗe, 185 ga wanda ya yi shi kashi-kashi. Akwai kuma jarrabawar Ingilishin rediyo, mataki na 4 aƙalla, ko da Faransanci ka yi karatunka tun daga firamare. Kowane samfurin helikwafta kuma da shaidarsa daban; wanda ya koya a kan Robinson R44 ba zai hau H125 ba sai ya yi kwas ɗinsa.

Wasu kan ruɗe da makarantar EAMAC da ke Yamai. Makarantar ASECNA ce, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasashen Afrika da dama, tana fitar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da injiniyoyin na'urori, ba matuƙa ba. Hanya biyu ce ta rage wa ɗan Nijar: shiga sojan sama, ko fita waje, Afrika ta Kudu, Faransa, Kanada, Amurka da makamantansu. Kafin ka zaɓi makaranta ka rubuta wa ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar, a Yamai ka tambaye ta, a rubuce, ko za ta karɓi lasisin ƙasar da kuma abin da za ta nema kafin ta ba ka nata. Batun kuɗi kuwa ka yi lissafinsa da kanka. A ce makaranta ta sa yuro 500 a kowace awa: awa 135 sun kama yuro 67,500, wato sefa miliyan 44 da ɗoriya, ban da masauki, abinci, jarrabawa da awoyin da za ka maimaita. Kusan kowa yana maimaitawa.

Wace takarda ce ta dutse?

Nan ne ake yawan yaudarar mutane. Babu wani hatimi ɗaya na duniya da ake bugawa a lasisin helikwafta a ce na dutse ne. Shaidar dutse da ke cikin dokar Tarayyar Turai ta masu jirgi mai fukafukai ce, masu sauka da taya ko da takalmin ƙanƙara. Suwizalan ce ta yi wa helikwafta tata ta gida, ana kiranta MOU: a can duk sauka a wajen filin jirgi sama da mita 1,100 saukar dutse ce, akwai wurare 40 da gwamnati ta keɓe, ɗalibi kuma yana yin sauka wajen 200 tare da malami kafin a gwada shi. A Amurka da Kanada doka ba ta sa wani hatimi ba, kamfanoni da masu inshora da masu ba da kwangila ne ke cewa sai ka nuna shaidar kwas. Makarantar da ke Penticton a yammacin Kanada ta daɗe da yin suna a wannan fanni.

Saboda haka abin da zai yi maka magana gaban mai ɗaukar aiki abu uku ne: takardar kammala kwas daga makarantar da aka sani, karnenka na tashi, wato littafin da kake rubuta awoyinka, da ke nuna kowace sauka da tsayin wurin da sa hannun malami, sai gwajin da babban matuƙin kamfanin zai yi maka da kansa. Na ukun ne mai wuya.

A ganinmu, zuwa kwas ɗin dutse da awa 60 ɓarnar kuɗi ce. Sai hannu da ƙafa sun kai matsayin da suke riƙe jirgi ba tare da ka yi tunaninsu ba, domin a kan dutse hankalinka duka yana waje. Wajen zaɓen makaranta ka tambayi malamin shekara nawa ya yi yana aikin dutse na neman abinci kafin ya fara koyarwa, da wane jirgi za a yi, da kuma ko ana tashi da tsakar rana lokacin zafi. Wanda ya koyi sauka a kan ƙanƙara da sanyin safiya kaɗai ya koyi rabin abin da Ayar ke nema.

Tsayin da inji ke ji

Farfela iska take kamawa, inji ma iska yake shaƙa. In an hau sama iska na sirancewa, in ta yi zafi ta ƙara sirancewa. Don haka akwai tsayin da taswira ta rubuta, akwai kuma tsayin da jirgi ke ji, kuma na biyun ne ke kashe mutane.

Ga yadda ake fitar da shi. Ma'aunin da aka yarda da shi ya ɗauki zafin bakin teku digiri 15 da matsin iska 1013, zafin kuma yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Ka juya agogon tsayi zuwa 1013 ka karanta abin da ya nuna. Ka duba zafin waje, ka cire zafin da ya kamata a samu a wannan tsayi, ka ninka bambancin da ƙafa 120, ka tara.

Ɗauki Maradi da azahar a bazara, zafi 42. A ƙafa 1,240 ma'auni na sa ran digiri 12.5. Bambanci 29.5, sau 120 ya ba da ƙafa 3,540. Jirgin da ke zaune a filin Maradi ji yake yana ƙafa 4,800. Yanzu ka kai shi wani fako a Bagazam mai mita 1,800, wato ƙafa 5,900, zafi 28. Ma'auni na sa ran digiri 3, bambanci 25, ƙarin ƙafa 3,000: jirgi na ƙafa 8,900. Wuri ɗaya da asuba, zafi 12, bai wuce ƙafa 7,000 ba. Kusan ƙafa 2,000 ka samu kyauta don kawai ka yi sammako.

Da wannan adadi za ka buɗe littafin jirgin. Akwai jadawali biyu na tsayuwa cak a iska. Ɗaya na lokacin da jirgi ke dab da ƙasa, iskar da farfela ta turo tana zame masa matashi; ɗaya na lokacin da babu wannan matashi. A kan dutse na biyun kaɗai za ka yarda da shi, domin doro mai faɗin tabarma uku da rami ta kowane gefe ba ya riƙe iska, haka ma tarin duwatsu da gangare.

R44 Raven II ba ya wuce kilo 1,134. A ce jirgin fanko kilo 700 ne, matuƙi 80, fasinja uku 225, kaya 30, sai mai ya cike sauran kilo 99, wato lita 137 tunda litar fetur ɗin jirgi kilo 0.72 ce. A takarda ba ka karya doka ba. Amma jirgin nan, ko da nauyinsa ya sauka zuwa kilo 1,043, iyakar tsayuwarsa ba matashi kusan ƙafa 7,500 ce. A 8,900 ba zai riƙe kansa ba. Abin yi: a riƙa kai fasinja ɗaya-ɗaya, ko a rage nauyi zuwa kilo 1,043 a tashi da asuba, ko a bari. Wanda ya biya kuɗin haya zai ce ai jiya ma an ɗauki huɗu. Jiya daban.

Injin fistan da ba shi da abin ƙara masa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Injin turbin, irin na H125 ko Gazelle ko Mi-17, yana da iyaka uku: ƙarfin murɗa, zafin inji da gudun kwamfaresa. A ƙasa da sanyi murɗa ce ke fara kaiwa ja, a sama da zafi kuwa zafin inji ko gudun kwamfaresa ne. Ɗalibin da ya saba kallon allurar murɗa kaɗai zai ƙona inji yana ganin da sauran rata. H125 ya haɗa ukun a allura ɗaya mai nuna wadda ta fi kusa da iyaka. Samfurin nan ne, a sunansa na da AS350 B3, Didier Delsalle ya ɗora a ƙololuwar Eberest ranar 14 ga Mayun 2005, shi kaɗai a ciki, an cire duk abin da za a iya cirewa. A yankinmu akwai wani dalilin fifita turbin: kananzir ɗin jirgi ya fi fetur ɗin jirgi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Karatun iska

Wannan shi ne zuciyar kwas ɗin, kuma shi ya fi cin awoyi. A kan dutse babu tutar iska, babu hasumiyar da za ta faɗa maka komai.

Ka ɗauki iska kamar ruwan Gulbin Maradi in ya taho da damina ya ci karo da tudu. Ta gefen da ya fito yana hawa sumul, ya tsallake, ta baya kuma ya rikito yana juyi yana cin gindin tudun. Gefen da iska ke bugowa yana ɗaga jirgi. Gefen baya yana danna shi, wani lokaci fiye da yadda inji zai iya hawa. Tsakanin iska mai santsi da mai hargitsi akwai iyaka da ido ba ya gani, ta taso daga leɓen dutse ta yi sama a karkace. Iska in ta yi ƙarfi iyakar tana miƙewa tsaye tana matsowa gaba. Dole layin saukarka ya kasance sama da ita ko ta gefenta, ƙafar jirgi kuma ta sauka kusa da leɓen da iska ke bugowa. Tsakiyar fako ya fi kyan gani, amma sau da yawa can ne juyin yake.

Alamun ƙasa su ne hayaƙin murhu, ƙurar garke, kaɗawar ganyen goriba a cikin ƙorama, ciyawa. Ungulu da shaho suna shawagi ta gefen da iska ke hawa, tsuntsu kuma yana sauka ne yana fuskantar iska. Inuwar gajimare iskar sama take nunawa, ba ta wurin sauka ba. Kada ta ruɗe ka.

In babu ko ɗaya, jirgin ne ma'auninka. Ka wuce ta gefen wurin, daidai tsayinsa, allurar gudu a not 60 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi da na iska), ƙarfi a tsaye ba ka taɓa shi ba. Ka karanta gudun ƙasa a GPS. Ka juyo ka sake wucewa ta ɗaya fuskar. A ce ka ga 58 da 82. Rabin bambancinsu, not 12, shi ne ƙarfin iskar a kan wannan layi, tana fitowa daga inda ka fuskanta lokacin da ka ga 58. Ka lura matsakaicinsu 70 ne, ba 60 ba: a siririyar iska allura tana rage gaskiya da kusan kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Wannan ne ke sa sabon ɗalibi ya ga ƙasa na gudu fiye da yadda ya saba, ya ja baya da yawa, ya rasa gudu tun bai iso ba. Ka kuma duba inda hancin jirgi ke karkata don riƙe layi, da ko allurar hawa da sauka ta ɗaga ko ta faɗi. Sai ka maimaita a kan layin da ya gitta na farko.

Kwari yana da tasa al'ada. Da hantsi, rana ta gasa duwatsu, iska na hawa gangare. Da dare da asuba tana gangarowa. A mashigi tsakanin duwatsu biyu tana matsewa ta ƙara gudu. Iskar da ka auna a Agadas ba ita za ka tarar a kwarin Timiya ba. Cikin kwari ana bin gefe ɗaya, wanda iska ke hawa, a bar faɗin kwarin duka don juyowa. Doro kuma ana tsallaka shi a karkace, kusurwar digiri 45, don in iska ta danne ka juyi kaɗan ya isa ka koma wajen rami. Malamai da yawa ba sa fita da ɗalibi in iskar kan doro ta haura not 25.

Zagaye biyu kafin sauka

Zagayen sama ana yinsa ƙafa 300 zuwa 500 bisa wurin. Ana duba girmansa da siffarsa, abin da ke kewaye da shi, karkatarsa, irin ƙasarsa, da inda rana take. Ana fitar da hanyar shiga, hanyar fita, da ƙofar tsira. Zagayen ƙasa kuwa ana wucewa dab da wurin, a tsayinsa, ta gefen ramin, a ga abin da ba a gani daga sama: dutsen da zai taɓa cikin jirgi, kututture, waya, igiyar tanti, akuya a inuwa. A nan ake karanta ainihin tsayin wurin a agogo da zafinsa, a sake lissafi.

A nan kuma ake gwada ƙarfi. Kana daidai tsayin wurin, rami a ƙarƙashinka, ka rage gudu sannu a hankali kana fuskantar iska har ka kusa tsayawa, ka ga abin da jirgi ya ci, ka kwatanta da iyakar da littafi ya ba ka a wannan zafi. Kamfanoni da yawa suna neman rata ta kusan kashi 10 cikin 100. In babu ratar, babu sauka. Lissafin da ka yi a ƙasa zato ne, wannan gwajin shi ne shaida.

Shigowa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shigowa da gudu da tsayi, sannan a ja kolektif, sandar hagu mai ɗaga jirgi, gaba ɗaya a ƙarshe. A filin Maradi da sanyin Janairu jirgi zai yafe maka wannan. A ƙafa 8,900 farfela za ta nemi abin da inji ba shi da shi, juyinta ya faɗi, ƙaho ya yi kuka (a R44 yana kuka a kashi 97), farfelar wutsiya ma ta rage ƙarfi tunda tare suke juyawa, hanci ya fara kewayawa. Maganin faɗuwar juyi shi ne a ƙara maƙura a sassauta kolektif, amma dab da dutse babu sararin yin haka.

Saboda haka ana shigo da ƙarfi tun da wuri, kaɗan-kaɗan. Ka kafa wurin sauka a tabo ɗaya na gilashin gaba, kada ya hau kada ya sauka. Ƙasa ta riƙa tahowa kamar tafiyar mai sauri a ƙafa. Kafin gudu ya faɗi ƙasa da not 30, saurin saukarka ya zama ƙasa da ƙafa 300 a minti. Tsakanin not 24 da 16 jirgi zai yi ɗan kakkarwa, alamar farfela ta daina samun taimakon gudu. In ƙarfin ya riga ya shiga, hannunka ɗan motsi kaɗan zai yi. Malami zai sa ka riƙa faɗa da baki: gudu kaza, sauka kaza, ƙarfi kaza, ƙofa a buɗe.

Ƙofar nan ita ce dalilin da ya sa ba a nufar bangon dutse kai tsaye. Ana shigowa a karkace, rami na gefe guda. In abu ya ɓaci, ka karkata wajen ramin, ka sauke hanci, ka sayi gudu da tsayi. In da zaɓi, ƙofar ta kasance ta gefen da juyi ba ya cin ƙarfi: dama ga jiragen Amurka irin Robinson da Bell, hagu ga na Faransa da Rasha, domin farfelarsu ba fuska ɗaya take juyawa ba. Akwai kuma wurin da in ka wuce shi ƙofa ta rufe. Ka san shi tun a zagaye, ka yanke shawara kafin ka kai shi.

Abu biyu ke jiran wanda ya shigo iska na bayansa. Na farko, jirgi ya nutse cikin iskar da shi kansa ya turo ƙasa: gudu kaɗan, sauka fiye da ƙafa 300 a minti, ƙarfi a ciki. Ƙara kolektif shi kaɗai ƙara nutsewa yake. Tsohuwar hanya ita ce tura siklik, sandar tsakiya, gaba a fita da gudu. Claude Vuichard na Suwizalan ya yaɗa wata: a jirgin Amurka, ƙarfin tashi, fedar hagu (da feda ake juya hancin jirgi), siklik dama digiri 10 zuwa 20, jirgi ya zame gefe ya fita, a na Faransa a juya hannun. Ana koyonta ne da tsayi mai yawa tare da malami. Na biyu, wutsiya ta kasa riƙe hanci, feda ta kai ƙarshe jirgi na ci gaba da juyawa. Nauyi, tsayi, gudu kaɗan da iska daga baya ko daga gefen da bai dace ba ne ke haɗuwa su kawo shi.

Taɓa ƙasa, da ƙura

Wurin da ya yi kama da shimfiɗe daga sama da wuya ya zama haka. Ƙafar da ke wajen tudu ce ke fara taɓawa. Ka riƙe siklik wajen tudun, ka sauke kolektif a hankali ƙwarai har ɗaya ƙafar ta zauna. In siklik ya kai ƙarshensa ƙafar ba ta taɓa ba, gangaren ya fi ƙarfin jirgin. Ka ɗaga ka nemi wani wuri. Littafin kowane jirgi ya faɗi iyakarsa, yawanci tsakanin digiri 5 da 10. Ƙafa ɗaya in ta maƙale a dutse jirgi ya fara kifewa a kanta, siklik ba ya tsayar da shi, sauke kolektif ne kaɗai. Ba a juya wutsiya wajen tudu. Bayan an zauna, juyin farfela na nan cikakke, ka ɗan motsa feda da siklik ka ji ko duwatsun ƙarƙashi za su zame.

Fasinja su fita ta gefen gangare, a sunkuye, inda kake ganinsu. Ta gefen tudu farfela na iya kaiwa tsayin kan mutum. Ka faɗa musu tun a ƙasa, da Hausa ko Tamajak ko duk harshen da suke ji, ka sa su kama rawani da hula da mayafi. Mutanen gari su janye tabarma, leda, kwanon rufi da dabbobi. Raƙumi in ya firgita ba ya duba inda ya nufa.

Abin da ƙanƙara ke yi wa matuƙin Turai, ƙura ke yi mana. Ƙafa 20 daga ƙasa gajimaren ƙura zai taso daga baya ya rufe gilashi, cikin daƙiƙa biyu ba ka san sama da ƙasa ba, jirgi na zamewa gefe kai kana jin a tsaye yake. A wuri mai ƙura ba a tsayawa shawagi. Ana zaɓar abu ɗaya mai duhu, dutse ko ɗan kurmi, a sauka dab da shi ta gefen matuƙi, ido a kansa, a kai jirgi ƙasa kai tsaye kafin ƙurar ta cim masa. Abin ya ɓace maka, ka tashi nan take da agogunan ciki, wanda shi ma sai da ratar ƙarfin nan. In akwai mutane a ƙasa da ruwa, yayyafi na taimakawa. Rairayi kuma yana cin leɓen farfela da kwamfaresa, don haka jirgin aikin arewa yana bukatar matatar yashi, ita ma tana ɗan rage ƙarfi. Akwai jadawalinta daban a littafi.

Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, yana shafe layin da sama ta haɗu da ƙasa. Mutumin fili ya saba da wannan layi tun yana yaro. Cikin duwatsu ido yakan ɗauki kan tsauni a matsayinsa, sai ɗalibi ya riƙa ɗaga hanci bai sani ba, gudu na zubewa. Layin gaskiya yana wajen gindin duwatsun. Da damina kuwa, Yuli zuwa Satumba, hadari kan haɗu a Ayar da rana tsaka, ƙoramar da ka ajiye jirgi a cikinta a bushe na iya cika da ruwan da aka yi a wani wuri.

Tashi

Ka ɗaga kaɗan ka tsaya, ka karanta ƙarfi. Ka fuskanci iska, ka matsa leɓe, ka nemi gudu kafin tsayi. Da ka bar leɓen matashin iska zai ɓace, jirgi ya ɗan nutse. Ka san da zuwansa, ka tabbata wutsiya ta wuce dutsen kafin ka sauke hanci. Mai jirgin farfela biyu irin Robinson kada ya tura siklik gaba da ƙarfi har jikinsa ya yi sakayau a kujera: a wannan hali farfela na iya bugun sandar da ke riƙe da ita ta karye. Kamfanin Robinson kansa ya ce in iska ta yi hargitsi a rage gudu zuwa not 60 ko 70.

Jikinka da kayanka

Sama da ƙafa 10,000 fiye da minti 30 ana bukatar iskar oksijin ta kwalba, sama da 13,000 kuwa koyaushe. Duwatsunmu ba su kai nan ba, amma kwas a Turai ko Kanada zai kai ka. A gida ƙishirwa ce abokiyar gaba. Tana rage kaifin hankali tun mutum bai ji ta ba, mai azumi kuma ya tsara awoyinsa da malaminsa tun da wuri. Rediyon jirgi ba ya ratsa dutse, cikin kwari ba mai jin ka. Ka ajiye tsarin tafiya, ka faɗi lokacin da za a fara nemanka, ka ɗauki wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya, da na'urar kiran ceto mai aiki a kan megahaz 406, ruwan kwana biyu da bargo, don daren Bagazam da hunturu sanyinsa na kaiwa ƙanƙara. Sauka a wajen filin jirgi a jihar Agadas kuma sai da izinin hukuma da sanin jami'an tsaro.

Ranar gwaji da bayanta

Mai gwaji zai ba ka nauyi da zafi ya ce ka fitar da lissafi, sannan a sama ya nuna wani doro da ba ka taɓa sauka ba ya yi shiru. Yana sauraron yadda ka gano iska, inda ka sa ƙofa, da ko za ka fasa in ya kamata. Wani lokaci da gangan yake nuna wurin da ba ya saukuwa. Ɗalibin da ya ce "Malam, nan ba zai yiwu ba, ƙarfinmu bai kai ba" ya ci wannan tambaya.

Hannun dutse yana dushewa in an bar shi. Wanda aikinsa ya zaunar da shi a kudu zai iya riƙe rabinsa a fili: duk tashi ya fitar da tsayin da inji ke ji ko da ba a tambaye shi ba, ya riƙa gano iska da GPS kafin ya saurari hasumiya, ya sa malami ya ƙayyade masa ƙarfi, a ce kada allura ta wuce kaza, ya shigo ya sauka a kan tabo ɗaya da azahar ɗin Afrilu. In an yi wata shida ba a taɓa dutse ba, sawun farko zuwa Iferwan ko Tabelot a yi shi da malami a kujerar gefe, ba fasinja, tanki rabi, a rubuta kowace sauka a karne da tsayinta da zafin ranar.